Durƙusa wa Wada: Nasiha a kan Jigon Jirgi da Gajeriyar Gada

Ɗana, ka sani cewa tun ranar da ɗan Adam ya fara ɗora gada a bisa kogi aka sami saɓani tsakanin masu tafiya a tudu da masu tafiya a ruwa, domin mai tudu yana son gadarsa ta yi ƙasa, yadda dabbarsa ko motarsa za ta hau ba da wahala ba, kuɗin gini kuma ya ragu, shi kuwa mai jirgin da iska ke turawa yana bukatar sarari a bisa kansa gwargwadon tsawon jigon da yake ɗaura wa zane. A inda hukuma take da wadata, jirage kuma suke da yawa, kamar ƙasar Holan, akan yi gadar da ke buɗewa ta ba su hanya; amma a galibin koguna gada tana nan inda aka kafa ta, sai dai jirgi ya sunkuya mata. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi da tsawonka za ka tashi. To, sharuɗɗan wannan durƙuso nake so in yi maka bayani a kansu, watau yadda ake sa wa jigon jirgi hinji a gindi domin ya kwanta a gaban gada, ya kuma miƙe a bayanta lafiya, shi da mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, a 'yan shekarun nan na ga samari da dama daga cikin 'ya'yanmu sun karkata ga sha'anin jiragen zane, waɗansu saboda neman abinci ya kai su bakin teku, kamar Legas, inda aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan jirage tun 1932, inda kuma gadar Carter da ta Eko suka gitta tsakanin tashar jiragen ruwa da tafkin da ke bayan birni, waɗansu saboda karatu ko aiki ya kai su ƙasashen Turai, waɗansu kuma saboda tsadar fetur ta tuna musu cewa iska kyauta ce daga Ubangiji. Wannan himma abar yabo ce, ina kuwa farin ciki da ita ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne, yaro yakan kalli wani gajeren bidiyo a wayarsa, ya ga mutum guda ya kwantar da dogon jigo cikin natsuwa, ya shige ƙarƙashin gada, ya sake tayar da shi, sai ya ɗauka mas'alar duka hinji ce, irin wanda kafinta ke sa wa ƙofa, ya tafi wurin mai walda a haɗa masa faranti biyu da noti, ya ce aiki ya ƙare. Na sha ganin inda irin wannan aiki yake ƙarewa: rufin jirgi ya ɓalle daga mazauninsa, jigon da aka tara kuɗinsa shekara da shekaru ya lanƙwashe, wani lokaci kuma a ɗauki wani zuwa asibiti. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma maganinsa yana kusa ga wanda ya yarda ya saurara.

Ba kai ne farkon wanda wannan mas'ala ta fuskanta ba, saboda haka ba ka bukatar ka yi ijtihadi a inda magabata suka riga suka share hanya. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, sun riƙa yin jigo mai ƙafa biyu wanda ake iya kwantarwa, ko da yake su ba gada ce ta tilasta musu ba. Kogin Nilu yana gangarawa arewa, iska kuwa galibi daga arewa take busowa, don haka mai zuwa kudu ya ta da jigo ya buɗe zane, mai komawa arewa ya kwantar da shi ya bi igiyar ruwa. Amma inda wannan hikima ta kai matuƙa, a ganina, shi ne gabashin Ingila, a lardin Norfolk, ƙasar ƙananan koguna da tafkuna masu tsofaffin gadoji. A can akwai gadar dutse ta Potter Heigham a kan kogin Thurne, wadda ake danganta gininta da wajen shekarar 1385, sararin da ke ƙarƙashinta kuwa da ƙyar yake wuce mita 2. Mutanen wurin sun yi jiragen dakon kaya da suke kira wherry, masu baƙin zane guda ɗaya, waɗanda mutum ɗaya da yaronsa suke tuƙawa. Ɗaya daga cikinsu mai suna Albion, wanda aka sassaƙa a 1898, yana nan da ransa, domin wata ƙungiya da aka kafa a 1949 ta ɗauki amanar kula da shi. Jigonsa ya kai ƙafa 42, ga shi gungumen itace ne guda, amma an ratsa shi da ƙarfe a ɗan sama da gindinsa, aka kuma ɗaura wa gindin nauyin ƙarfe na kimanin tan guda, har ya zama hannu kaɗan ya isa ya kwantar da shi ko ya tayar. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadama ya ga mai lambu yana ban ruwa da jigo, yadda curin lakar da ke gindin sanda yake ɗauke masa nauyin guga, ya riga ya fahimci asirin wannan jirgi gaba ɗaya.

A kudancin Ingila kuma, a kogin Landan da kogin Medway, manyan jiragen zane masu ɗaukar bulo da ciyawa da hatsi sun bi wata hanya dabam, domin su ba su da nauyi a gindin jigo, sai wayar gaba da ake sassautawa a hankali daga na'urar naɗi. Aikin yana da nauyi har ya haifar da sana'a mai zaman kanta: a gadar Rochester a da akwai mutanen da abincinsu ke nan, su hau jirgi kafin ya iso gada, su taimaka a kwantar da jigo, a wuce, a sake tayarwa, a sallame su. Ka lura da wannan da kyau. Mutanen da aka haifa a cikin jirgi, suka yi furfura a cikinsa, ba su ga aibi ba a biya wani ya kama musu wannan aiki guda, alhali sauran tafiyar duka mutum biyu kaɗai suke yin ta.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, ka zauna ka yi lissafi da zuciyarka, ka kuma fita da ma'auni. Ka auna jirginka daga saman ruwa zuwa abin da zai fi kome tsawo bayan jigo ya kwanta, domin sau da yawa ba jigon ba ne, gidan da yake zaune a ciki ne, ko kan jigon da ya ɗaga sama a bayan jirgi saboda matokarin da aka yi masa ya yi tsawo. Sa'an nan ka auna gadar da kanka, kada ka dogara ga abin da wani ya faɗa maka ya gani bara. Sararin ƙarƙashin gada ba adadi ne tsayayye ba: a bakin teku ruwa yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana, a kogi kuma, duk wanda ya san Kwara ko Binuwai ya san cewa tsakanin ƙarshen rani da watan Satumba ruwa yakan tashi mitoci da dama, ban da abin da ke faruwa in aka buɗe madatsar ruwa a sama. Gada mai baka kuma tsakiyarta ce kaɗai take da tsawon da aka rubuta, gefunanta suna gangarowa, jirgi mai faɗi yakan gogi dutse da kafaɗarsa ko da kansa ya wuce. In kuwa jirgin babba ne, jigonsa ya yi nauyin da mutum biyu ba su iya ɗagawa a tudu, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara kake bukatar wucewa, to, shawarata ka bar maganar hinji. Masu ratsa ƙasar Faransa ta magudanan da aka haƙa, inda gadoji ba su ba da sarari fiye da kimanin mita 3 da rabi, galibinsu sukan biya a cire musu jigo da na'urar ɗaga kaya, su ɗaure shi kwance a kan jirgi har su fita teku, ba wanda kuwa ya raina su a kan haka.

In ka tabbata aikin ya zama wajibi, to, abu na farko shi ne ka duba inda jigonka yake tsaye. Wani jigo a kan rufin jirgi yake zaune, wannan sauƙi ne. Wani kuwa ya ratsa rufin ya sauka har ƙashin bayan jirgi, in za a sa masa hinji sai an yanke shi, wanda kuwa ya yanke shi ya raba shi da ƙarfin da rufin yake ba shi ta hanyar riƙe shi a tsakiya, ya kuma ɗora dukan nauyinsa a kan allon da ba a yi shi don haka ba. Ka sani wayoyin da ke riƙe jigo ta gaba da baya da gefe kullum janyo shi ƙasa suke yi, in iska ta cika zane kuma wannan danniya takan ninka har ta kai kusan nauyin jirgin kansa, saboda haka lalle a kafa ginshiƙi mai ƙwari a ƙarƙashin rufin, daidai gindin jigo, ya sauke nauyin zuwa ƙashin jirgi. Gidan jigo kuma, watau farantai biyu masu kauri ko katakai biyu masu ƙarfi da jigo ke tsayawa a tsakaninsu, ba a kafa shi da sukuru. Noti ake ratsawa har cikin jirgi, a sa faffaɗan faranti a ƙasa ya raba nauyi. Ƙarfen da jigo zai juya a kansa ya kasance sama da rufin ɗaki da murfin ƙofarsa, domin in jigo ya taɓa wani abu a tsakiya tun bai isa matokarinsa ba, wannan abu ya zama masa madogara, dogon ɓangaren da ya wuce baya sai ya ɓanɓaro gidan daga tushe, ko da an kafa shi da kyau. Ramin da aka huda a jikin jigo a sa masa bututu a ciki, don kada noti ya matse shi ya lotsa, ko ya ci shi a hankali. In jigon na alminiyam ne, ƙarfen kuma irin wanda ba ya tsatsa, a raba tsakaninsu da roba ko man da aka yi don haka, domin waɗannan biyu in suka haɗu da ruwan gishiri alminiyam ne yake cinyewa, ya koma farin gari, ba kuwa za ka gani ba sai ranar da ya karye. Kada ka yi ciniki da mai walda har ka tilasta masa ya rage kauri. Araha ba ta ado, itƙanin aiki kuma haƙƙi ne na duk wanda zai zauna a cikin jirgin bayanka.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, ina roƙonka ka karanta wannan wuri sau biyu. Jigo yana da aminci a hali biyu, in yana tsaye wayoyinsa sun ɗaure, da in yana kwance a kan matokari. Dukan haɗari yana tsakanin waɗannan halaye biyu, kuma yana ƙaruwa ne yayin da jigo yake kusantar kwanciya, a daidai lokacin da zuciyar wanda bai sani ba take gaya masa an kusa gamawa. Mu ɗauki misali da jigo mai tsawon mita 9 da nauyin kilo 60, wanda ƙarfen juyinsa yake rabin mita sama da goshin jirgi, goshin kuma yana mita 3 a gabansa. Sa'ad da yake tsaye, yaro ƙarami ma ya iya riƙe igiyar da ta taso daga kansa zuwa goshi. Da ya fara karkata baya nauyi sai ya fara zuwa hannu, a hankali da farko, sa'an nan da sauri, domin igiyar tana ƙara kwantawa a jikin jigon, har ta zama tana jansa ta tsawonsa zuwa cikin gidansa maimakon ta ɗaga shi. In ya kusa shimfiɗewa, lissafi ya nuna igiyar nan tana ɗauke da abin da ya haura kilo 700, daga jigon da mutum biyu suke ɗauka a kafaɗa. Babu hannun da zai riƙe wannan, ƙugiyoyi da yawa ma ba su riƙewa, shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa kome yana tafiya daidai, sai kawai jigo ya kuɓuce a ƙarshe. Ba kuɓucewa ya yi ba haka kawai, ƙa'idar da Allah ya gina duniya a kanta ce ta yi aikinta. Maganin kuwa sananne ne: a kafa wata sanda a gindin jigo, ta miƙe gaba ta yi kusurwa madaidaiciya da shi, a ɗaura wayar gaba a bakinta, daga bakin nata kuma a ja igiya zuwa goshi. Yayin da jigo yake kwanciya sandar tana tashi, har in ya shimfiɗe ita tana tsaye, ta ɗaga igiyar sama ta ba ta kusurwar ja. Da sanda mai mita 3, nauyin nan na kilo 700 ya sauko ƙasa da kilo 140, in kuwa aka bi da igiyar ta cikin kura mai layi huɗu, abin da ya rage a hannu bai fi kilo 30 da 'yan kai ba. Mafi alheri daga sanda ɗaya shi ne sanduna biyu da aka haɗa kawunansu aka ware ƙafafunsu zuwa gefunan jirgi, domin su ba su faɗuwa dama ko hagu. Irinsu ake gani a kan jiragen da ke wuce gadojin Fremantle a bakin kogin Swan na ƙasar Ostireliya, inda kwantar da jigo ya zama al'adar masu jiragen zane. Ka yi wannan lissafi da adadin jirginka kai kanka, ka kuma tuna cewa fitila da kura da naɗaɗɗen zane da ke can sama suna ƙara nauyi a wurin da ya fi kowane tsanani.

Haɗari na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, shi ne kaucewar jigo zuwa gefe. Wayoyin gefe da ke riƙe shi yana tsaye an ɗaure su ne a bakin jirgi, ƙasa da ƙarfen juyi, wani lokaci kuma a bayansa, saboda haka da zarar jigo ya karkata sai su saki, su bar shi ba mai tallafi sai hinji. A wannan hali in wani jirgi mai inji ya wuce ya tayar da igiyar ruwa, ko wani daga cikin mutanenka ya taka daga wannan gefe zuwa wancan, kan jigo sai ya yi lilo, kuma ɗan lilon da ido yake rainawa a can nesa, a gindi ƙarfi ne mai murɗe ƙarfe. Hinji bai taɓa isa ya hana wannan ba, kome kaurinsa. Ƙa'idar ita ce, a sami waya ɗaya a kowane gefe wadda maɗaurinta yake kan layi guda da ƙarfen juyi, tsawo ɗaya, ba gaba ba baya, ta yadda in ka zura zare daga maɗaurin dama zuwa na hagu zai bi ta cikin ramin juyin. Wayar da aka ɗaure haka tsawonta ba ya sakewa tun daga tsayuwar jigo har kwanciyarsa. Waɗansu sukan ɗaga maɗauran da ƙarfe na dindindin, waɗansu kuma su haɗa na wucin gadi da sarƙa ko igiyar da ba ta miƙewa, su cire bayan an gama. Kowanne ka zaɓa ya yi, muddin ka gwada shi ka gani da idonka.

Nauyin gindi irin na mutanen Norfolk ya fi kowace dabara daɗin aiki ga wanda zai riƙa wuce gada kullum, sai dai yana da nasa sharaɗi, domin gindin yana bukatar fili ya tashi ta cikin wata ƙofa a rufin gaba, duk abin da ya tarar a hanyarsa kuma, ƙafa ce ko hannu, ba ya tausaya masa. Jirgin da ba a sassaƙa shi da wannan niyya ba da wuya ya karɓe shi. A nan nake so in juyo gare ki, 'yata, domin kada wani ya gaya miki wannan aiki na masu ƙwanji ne. A waɗancan koguna mata da dattawa suna kwantar da jigo suna tayarwa kowace rana, saboda an riga an sa hankali ya ɗauki abin da damtse zai ɗauka. Ni a wurina, in na ga jigon da ba ya tashi sai an taru an yi nishi, na san akwai kuskure a tsarinsa, kuma ƙarfin samarin da ke kansa shi ne yake rufe kuskuren har ranar da ɗaya daga cikinsu zai zame.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin farko ka yi shi jirgi yana ɗaure a bakin gaɓa, da safe kafin iska ta tashi, da mutane fiye da yadda kake zaton kana bukata, kuma ka gayyato wani dattijo da ya san aikin ya tsaya ya kalla, ko da bai taɓa kome ba, domin matambayi ba ya ɓata. Ka sauke jigon kaɗan ka tsaya, ka zaga ka duba kowace waya da kowace ƙugiya, ka ƙara kaɗan ka sake tsayawa, har ya kai matokari. Ka maimaita har jerin aikin ya zauna a hannunka: a sauke zane a naɗe, a cire sandar ƙasan zane ko a ɗaure ta, a rufe murfin ɗaki, a kafa matokari, a ɗaura igiyar saukewa a tabbatar ta ɗauki nauyi, sa'an nan ne kaɗai za a zare ƙarfen kulle da ke hana jigo juyawa a gidansa, a kwance wayar gaba. Wanda ya kwance wayar gaba kafin igiya ta kama ya sauke jigonsa a cikin ƙiftawar ido. Igiyar kuma kullum a naɗe take a jikin na'ura ko ƙugiya, ba a naɗa ta a tafin hannu. Mutum ɗaya ne yake ba da umurni, kowa ya san muryarsa, amma kowa yana da izinin ya ce a tsaya, in kuwa aka ce a tsaya sai a tsaya tukuna a tambayi dalili. Kada kowa ya zauna a layin da jigo zai bi in ya faɗi, mai riƙe da matuƙi ma ya koma gefe, yara kuwa a shigar da su ɗaki. Mai jirgi makiyayi ne a kan waɗanda suka hau, za a kuwa tambaye shi. Tawakkali yana zuwa ne bayan an riƙi sababi, wanda ya bar ƙanensa a ƙarƙashin jigo ya ce Allah zai kiyaye, gafala ya yi, ko da ya kira ta da wani suna.

Akwai wata tsere da ake yi a Norfolk tun 1961, ta kogunan Bure da Ant da Thurne, mai nisan kimanin mil 50, wadda ake so a gama cikin awa 24, a cikinta kuwa gwanaye sukan tunkari gadar Potter Heigham da zane a buɗe, su sauke zane da jigo a 'yan taku kaɗan kafin dutse, su shige da saurin da suka zo da shi, su tayar a ɗaya gefen, jama'a suna tafi a kan gada. Abin sha'awa ne ƙwarai, na kuma san zuciyar saurayi in ta ga haka. Amma waɗannan mutane sun san jirginsu da gadarsu tun suna yara, jigonsu yana da nauyi a gindi, ga jiragen ceto a kusa, duk da haka akan sami wanda lissafinsa ya kuskure. Kai dai ka nemi wuri nesa da gada ka ɗaure, ka kwantar da jigo a tsanake, sa'an nan ka matso da inji ko da gora; sannu ba ta hana zuwa. Ka fi son ka shiga gada kana fuskantar ruwa, domin mai hawa yana iya tsayawa in ya ga abin da bai gamshe shi ba, wanda ruwa yake turawa ta baya kuwa ba shi da wannan zaɓi. Ka tuna kuma jigon da ya kwanta ya ƙara wa jirginka tsawo ta baya da mita biyu ko uku, in ka juya goshi dama, kansa hagu zai share.

Wani abu kuma da ya fi gada kisa, wanda ba na gajiya da faɗa, shi ne wayar lantarki. Sau da yawa inda hanya ta ƙetare kogi nan wayoyi ma suke ƙetarewa, ido kuwa yana kan gada, ba ya ganin siririn abin da ke sama da ita. Jigon alminiyam da wayoyinsa na ƙarfe hanya ce buɗaɗɗiya ga wuta, jigon itace ma in ya jiƙe bai tsira ba, babbar waya kuma ba ta jiran a taɓa ta, wutarta tana tsallakowa ta cikin iska in an matso kusa. Kafin ka kwantar, kafin ka tayar, a ruwa ko a tudu, ka ɗaga kai ka duba sama, ka sa wani ma ya duba.

Bayan an wuce, sai a yi nisa da gada da mashigar jirage kafin a fara tayarwa, a nan ma kuwa akwai inda ake yin nadama. Wayoyi da igiyoyin da suka zube a kan jirgi sukan maƙale a ƙugiya ko a kusurwar ɗaki, maɗauran da ake murɗawa don ɗaure waya kuma sukan kwanta a karkace, in aka ja da ƙarfi su lanƙwashe, abin da ya lanƙwashe kuwa ko an miƙe shi ƙarfinsa ya ragu. Ka riƙe wannan: jigo yana ƙara sauƙi ne yayin da yake tashi, saboda haka in ka ji ya ƙara nauyi a tsakiyar hanya, wani abu ne ya kama, sai ka tsaya ka neme shi, kada ka kira wani ya taya ka ja. In ya miƙe, ka mayar da wayar gaba mazauninta, ka zura ƙarfenta ka sa masa fil ɗinsa, ka taɓa shi da yatsa ka tabbata, ka mayar da ƙarfen kulle, tukuna ka saki igiyar da ta ɗago shi. Ka haɗa wayar fitilar saman jigo ka gwada ta tun da rana. A ƙarshen kowace damina kuma ka tallafi jigon a kwance, ka zare ƙarfen juyi ka wanke shi ka duba shi a cikin haske, ka dubi ramin da yake ciki da waldar gidan ko akwai tsaga. In ka ga ƙarfen ya fara lanƙwasa ko ya ci, ka sake shi kafin tafiya ta gaba, ka kuma nuna wa yaronka tsohon, domin ya san irin alamar da zai riƙa nema.